ZANGON BOLE: GARIN DA KE CIKA SAU BIYU A RANA

 

A littattafanmu na hikaya, tafiya ƙasar waje ba ta cika wuce layi biyu ba. Za a raka Alhaji ko amarya filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, a yi koke-koke a rabu, layi na gaba sai ka ji jirginsu ya sauka lafiya a Landan, direba na jira. Duk wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya ya san an tsallake wani abu a tsakani. Mutanenmu da ke zuwa Guangzhou sarin kaya, da masu kai marasa lafiya Indiya, da ɗaliban da ke karatu a Malesiya, babu wanda jirgi ke ɗauka daga Kano ya dire shi can kai tsaye. Sai sun ya da zango a garin wasu, ko Alƙahira, ko Doha, ko Addis Ababa, sun yi awa biyu ko goma suna jiran wani jirgin. A kan wannan zangon muke so mu tsaya yau, kuma za mu ɗauki wanda muka gani da idonmu, wato filin jirgin Bole na Addis Ababa, babban birnin ƙasar Habasha.

Kakanninmu sun san irin wannan wuri tun kafin a ƙera jirgi. Fataken da ke tafiya Gwanja sayen goro ba sa yin tafiyar a numfashi ɗaya. Madugu ya san inda ayari zai kwana, inda akwai ruwa da ciyawar jakai, inda mai masauki zai karɓi ajiya ya mayar da ita yadda aka ba shi. Garin Salaga da ke arewacin Ghana ta yau da haka ya yi suna. Ba a noman goro a Salaga, daga kurmin Asante ake kawo shi, Hausawa su zo da kanwa da tufafi da jemammun fatu su karɓa su juya. Arzikin garin a hannun masu wucewa yake. Bole ma haka ne. Mafi yawan fasinjojin da ke cika zauren tashar ba Addis suka zo ba, kuma ko titin garin ba za su taka ba.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne wurin ba kowane lokaci yake cike ba. Cikarsa irin ta kasuwar ƙauye ce, tana da lokacinta, sai dai ita wannan sau biyu take ci a rana. Da asuba, jiragen da suka kwana suna tafiya daga Turai da Asiya da ƙasashen Larabawa suke sauka ɗaya bayan ɗaya. Fasinjojinsu su watsu cikin zaure, kowa na neman lambar ƙofarsa a allo. Daga wajen ƙarfe takwas da rabi zuwa hantsi, sai jiragen garuruwan Afirka su fara tashi a jere: Legas, Abuja, Kano, Akara, Yamai, Njamena, Kinshasa, Lusaka, Johannesburg. Kafin azahar zauren ya yi tsit, masu shara su samu sarari. Waɗannan jirage su kai mutanensu, su yi kamar awa guda a ƙasa, su kwaso wasu su juyo. Daga magariba zuwa wajen tara da rabi na dare suna ta dirowa Bole, zauren ya sake cika maƙil. Daga ƙarfe goma zuwa bayan sha biyun dare kuma manyan jirage su kwashe jama'a zuwa Landan, Faris, Delhi, Mumbai, Guangzhou, Bankok. Gobe ma haka za a yi, jibi ma haka.

Lissafin da ya haifar da wannan tsari ba shi da wuya. A ce mutum biyar ne ke son zuwa Delhi daga Kano yau. Babu kamfanin da zai tayar da jirgi mai kujera 300 saboda mutum biyar. Amma in ka haɗa biyar ɗin Kano da na Legas da na Akara da na Duwala da na Lusaka a zaure ɗaya a dare ɗaya, jirgin Delhi ya cika. Shi ma jirgin da ya kawo su daga Kano ya cika ne da mutanen da za su watsu zuwa garuruwa ashirin daban-daban. In kana da gari 10 a yamma da gari 10 a gabas, kana so ka haɗa kowanne da kowanne kai tsaye, sai ka buɗe hanya 100. In kuwa ka bi da su ta zango ɗaya, hanya 20 ta ishe ka. Sharaɗin ɗaya ne, kuma mai tsauri ne: kowa ya iso a kan lokaci. Jirgin Kano in ya makara da awa biyu, mutanen cikinsa sun rasa jirage goma ke nan a dare guda, ga kuɗin otal da abinci a wuyan kamfani.

Mu mun bi ta Bole ne lokacin da muka raka mahaifinmu Indiya aikin ƙashin baya, mu da yayanmu. Jirgin ya bar Kano da rana. Tafiyar kusan awa huɗu da rabi ce, agogon Habasha kuma yana gaban namu da awa biyu, don haka dare muka tarar, da wani sanyi kamar na tsakiyar hunturu. Tsakanin saukarmu da tashin jirgin Delhi bai fi awa biyu da 'yan mintoci ba. Asibiti sun riga sun ba mu rana, kuɗin aikin kuwa sai da aka sayar da gona kafin su cika, don haka ba mu da sararin kwana a hanya. Baba ba ya iya taka matakala, ga shi jirgin ya tsaya can nesa da ginin tashar, inda ake kwasar mutane a bas. Kowa ya fita ya bar mu zaune, yayanmu sai duban agogo yake yi.

Can sai ga wata mota mai babban akwati a bayanta ta zo ta ɗaya gefen jirgin. Akwatin ya ɗago sama a hankali har ya daidaita da ƙofa, aka ƙwanƙwasa, ma'aikaciyar jirgi ta buɗe. Wani saurayi ya shigo da keken marasa lafiya, a hannunsa da takarda mai ɗauke da sunan Baba da lambar kujerarsa da lambar jirgin da zai hau gaba. Tun a Kano, lokacin da ake auna mana kaya, aka shigar a kwamfuta cewa akwai dattijon da ba ya iya hawa matakala. Saƙon ya riga mu isa.

Baba ya dubi yayanmu ya ce, "Kai, wannan yaro ya san da zuwana ne?"

Yaya ya ce, "Ya sani, Baba. Tun muna gida aka gaya masa."

Baba ya jinjina kai ya ce, "To, madugun nan ya iya aikinsa. Allah Ya yi wa yaron albarka."

Saurayin nan ba ya jin Hausa, mu ba ma jin Amhariyanci, Turancinsa kuma kaɗan ne. Haka ya tura keken ya ratsa da mu cikin cunkoso, ya kai mu wurin bincike, muka cire takalma da bel da agogo, ya kai mu har bakin ƙofarmu, ya nuna mana ɗakin salla, ya duba takardarsa ya juya da sauri. Akwai wani mai jiran keke a wani jirgin. Ko sunansa ba mu samu tambaya ba.

A ɗakin sallar aka yi wata 'yar muhawara. Mu da muka tashi muna kiran alƙibla gabas, sai muka ga alamar tana nuna arewa. Baba ya ce shi fa bai taɓa yin salla yana kallon arewa ba. Wani Alhaji ɗan kasuwar Kwari da ke kan hanyarsa ta zuwa Guangzhou ya matso ya ce, "Baba, ai gabas ɗin muka zo. Yanzu Makka tana arewa da mu, kusan saiti." Baba ya yi murmushi ya ce lallai tafiya mabuɗin ilimi ce, ya tayar da kabbara a zaune. A sahun nan akwai Basudane da Basomale da mutumin Senegal da wani ɗan Fakistan, a ƙasar da sahabban Manzon Allah (SAW) suka yi hijira ta farko zuwa wurin Najjashi. Muka idar kowa ya ɗauki jakarsa, babu wanda zai sake ganin wani. Mun samu jirginmu, an yi aikin, Baba ya dawo gida da ƙafarsa, alhamdu lillahi.

Akwatunanmu kuwa, tun da muka rabu da su a Kano ba mu sake ganinsu ba sai a Delhi. A hannun kowanne akwai 'yar doguwar takarda mai haruffa KAN, ADD, DEL da wasu zane-zanen layuka da na'ura ke karantawa. Lokacin da muke muhawarar alƙibla, wasu mutane a ƙasanmu sun fitar da su daga cikin jirgin Kano, sun raba su da na masu zuwa Landan da Bankok, sun sake bi da su ta na'urar bincike, sun loda su cikin manyan akwatunan ƙarfe, wata 'yar tarakta ta ja su zuwa jirgin Delhi. In ka leƙa ta gilashin zauren za ka ga kowane jirgi mutane sun kewaye shi kamar tururuwa ta samu ƙwaro. Ga masu zuba mai, ga motar abinci, ga masu share kujeru, ga masu zuba ruwa da masu kwashe na bayan gida. Injiniya yana zagayawa da tocila yana duba tayoyi da bakin inji. Wani yana zaune da kwamfuta yana lissafin inda za a ajiye kowane nauyi don kada jirgi ya rinjaya gaba ko baya. A can cikin hasumiya wasu na ba jirage layi, wannan ya sauka, wancan ya dakata, wancan ya shiga titi. Sai duk sun gama, an sa hannu a takardu, sannan mota ta tura jirgin baya ya kama hanya. Fasinja ba ya ganin fuskar ko ɗaya daga cikinsu, amma alƙawarin da aka rubuta masa a tikiti su ne ke cika shi.

Kada a ɗauka wurin da Addis take ya sauƙaƙa mata komai. Gaskiya ne tana kan hanya tsakanin Afirka da Asiya, amma filin Bole a kan tsauni yake, sama da mita 2,300 daga matakin teku, alhali na Kano bai kai mita 500 ba. Iskar can ba ta da kauri, shi ya sa baƙo ke jin haki in ya yi sauri. Jirgi ma yana jin haka. Injinsa ba ya samun cikakken ƙarfi, fukafukansa kuma sai ya yi dogon gudu kafin su ɗaga shi. Ko da titin ya kai mita 3,800, babban jirgi ba ya iya tashi da duk nauyin da zai ɗauka a wani wurin, dole a rage mai ko kaya ko mutane. Wannan ne ya sa jiragen da ke zuwa Amurka da Kanada daga Addis ke tsayawa a hanya, wasu a Turai su sha mai, wasu a Lome ko Abidjan. Ƙasar kuma ba ta da gaɓar teku tun da Eritiriya ta ɓalle a 1993, ta tashar ruwan Jibuti take shigo da yawancin kayanta. Sai suka mayar da sama ta zama tekunsu. Furannin da ake nomawa a kewayen Addis, waɗanda kwana kaɗan ke yaushar da su, ta Bole ake fitar da su cikin sanyi zuwa Beljiyam su shiga kasuwannin Turai. A 2020, lokacin korona, da jiragen fasinja suka tsaya cak a duniya, ta Bole aka riƙa rarraba kayan gwaji da takunkumi zuwa ƙasashen Afirka, har kamfanin ya cire kujerun wasu jiragensa ya loda musu kaya.

Bayan duk wannan akwai kamfani ɗaya, Ethiopian Airlines. An kafa shi a ƙarshen 1945, zamanin Sarki Haile Selassie, da taimakon kamfanin TWA na Amurka, jirginsa na farko ya tashi zuwa Alƙahira a Afrilun 1946. Shi kansa filin Bole an gina shi ne a farkon shekarun 1960, saboda tsohon filin garin ba zai iya ɗaukar sababbin jirage masu injin jet ba. Ku dubi abin da ƙasar ta shiga daga nan. Sojoji suka kifar da sarki a 1974. Gwamnatin Mengistu ta ƙulla ƙawance da Tarayyar Sobiyet, amma kamfanin ya ci gaba da sayen jiragen Boeing na Amurka. Aka yi yunwar 1984, gwamnatin ta faɗi a 1991, aka gwabza da Eritiriya daga 1998 zuwa 2000, aka yi yaƙin Tigray daga 2020 zuwa 2022. Kamfanin mallakar gwamnati ne ɗungurungum, kuma duk cikin wannan bai rufe ba. Tewolde GebreMariam da ya shugabance shi daga 2011 zuwa 2022, da Mesfin Tasew da ya gaje shi, dukansu tun shekarun 1980 suka shiga kamfanin a ƙananan ma'aikata, a ciki suka yi furfura. Suna da makarantarsu ta horar da matuƙa da makanikai da ma'aikatan cikin jirgi, suna da garejinsu na gyaran jirage a nan Bole.

Sakamakon a fili yake. A 2012 suka zama na farko a Afirka da suka fara aiki da Boeing 787. A Janairun 2019 aka buɗe faɗaɗɗiyar tashar da za ta ɗauki fasinja miliyan 22 a shekara. A shekarar kuɗinsu ta 2023 zuwa 2024 sun ɗauki fasinja sama da miliyan 17, kuma suna zuwa garuruwan Afirka sama da 60. In aka gwada da Dubai, wadda ta ga fasinja sama da miliyan 92 a 2024, Bole ƙaramin zango ne. Amma har ya fara yi musu kaɗan, shi ya sa suka tsara sabon fili a yankin Bishoftu, kudu maso gabas da Addis, inda ƙasa ta ɗan fi sauka, wanda in an kammala shi gaba ɗaya zai ɗauki fasinja sama da miliyan 100. Filin kuwa gonakin mutane ne, manoma dubbai za su tashi daga inda aka binne kakanninsu. Zango yana da farashinsa, kuma ba koyaushe masu cin ribarsa ke biya ba.

Akwai wani farashin da ya fi wannan ɗaci. Ranar 10 ga Maris 2019, cikin jerin jiragen safe ɗin nan, wani Boeing 737 MAX ya tashi zuwa Nairobi, bayan minti shida ya faɗi kusa da Bishoftu. Mutum 157 suka rasu, 'yan ƙasashe 35. 'Yan Kenya 32 ne, 'yan Kanada 18. A cikinsu akwai marubuci Farfesa Pius Adesanmi da tsohon jakada Abiodun Bashua, dukansu 'yan Najeriya. Da yawansu da asubar nan suka sauka daga wasu jiragen, suka sha shayi a zauren, suka duba allo kamar kowa. Haɗarin ya sa aka dakatar da wannan samfurin jirgi a duk duniya na tsawon sama da shekara ɗaya da rabi. Jirgi ɗaya ya faɗi a gonar Habasha, aka yi zaman makoki a nahiyoyi da dama.

Sai kuma abin da ya fi kusa da mu. Mu mutane ne masu karɓar saƙo. Da wuya ka shiga filin jirgi ba a ce maka "don Allah riƙe min wannan ka ba ɗan uwana" ba, kuma kunya ba ta barinmu mu ce a'a. A zango irin Bole ana sake binciken kaya ko da wucewa kawai kake yi, dokar ƙasar kuma ita za ta hau kanka. Akwai 'yan Najeriya da ke zaune a gidan yarin Kaliti na Addis Ababa bisa laifin safarar ƙwayoyi, da yawansu a kan hanyar wucewa aka kama su. Jakar da sunanka ke jikinta taka ce a idon hukuma, ko wa ya ɗaure ta. Wanda zai yi tafiya ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya tsaya a auna su a gabansa, ya ƙirga takardun da aka manna masa a tikiti, ya tabbatar sun yi daidai da yawan jakunkunansa.

Duk wannan bayani da muke yi a kan garin wasu, akwai abin da ke cinmu a rai, domin Kano ta taɓa zama irin wannan zango. A Nuwamban 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano. A 1936 filin ya fara aiki, shi ne mafi tsufa a Najeriya. Lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta Kano da Maiduguri suke bi su ratsa Sudan zuwa Masar, kusan hanyar da alhazanmu na ƙafa suka riƙa bi shekara da shekaru. Bayan yaƙi, jiragen fasinja na wancan zamani ba sa iya tsallake Sahara su zarce kudu ba tare da sun sha mai ba. Jiragen BOAC na Ingila da KLM na Holan da Sabena na Beljiyam, masu zuwa Legas da Kwango da Afirka ta Kudu, a Kano suke tsayawa. Har yau akwai hotunan shekarun 1950 da ke nuna mai kakaki a kan raƙumi yana busa wa jirgi maraba a filin Kano. A lokacin nan ko harsashin filin Bole ba a haƙa ba, na Dubai kuwa sai a 1960 aka buɗe shi.

Me ya faru? Aka ƙera jiragen da ke tashi daga Turai su sauka Legas ko Johannesburg ba tare da sun nemi mai a hanya ba. Buƙatar da ta kawo su Kano ta gushe, suka riƙa wucewa ta samanmu. KLM, wanda ya fi kowa daɗewa, ya tattara ya bar Kano a 2012. Haka ta faru da Salaga da Turawa suka karya Asante a 1874, hanyar goro ta karkata, yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa garin. Haka ta faru da ayarin Sahara da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Zangon da ya dogara da cewa dole a bi ta kansa, ranar da aka samu wata hanya ranar ya fara mutuwa. Kano ta karɓi jiragen wasu, ta sayar musu da mai, amma masu jiragen ne ke tsara wa zai zo da lokacin da zai zo. Addis kuwa jiragen nata ne, ita ke tsara asubarta da darenta, ita ke zuwa har ƙofar gidanmu ta ɗauke mu. Kamfaninmu na ƙasa, Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ya durƙushe a 2003. Yunƙurin kafa Nigeria Air ya ƙare a kotu da cece-kuce. A 2017, da aka rufe filin Abuja na mako shida don gyaran titi aka karkatar da jirage Kaduna, manyan kamfanonin Turai suka ƙi zuwa, jirgin Habasha ne ya zo. Mun ji daɗi a lokacin, amma in mutum ya zauna ya yi tunani, abin kunya ne a ce baƙo ne ya fi mu shirin hidimar gidanmu.

Gini dai muna da shi. An ciyo rancen dala miliyan 500 daga China an yi sababbin tashoshi a Abuja da Fatakwal da Kano da Legas. Fasinja ma muna da su: 'yan kasuwar Kwari da Wambai da Singa da Dawanau, alhazai da masu Umara, ɗalibai, marasa lafiya, ga maƙwabtanmu na Nijar da Chadi da arewacin Kamaru da tun fil azal Kano ce kasuwarsu. Abin da ya rage shi ne abin da muka gani a daren nan: kamfani na gida da zai tsara jiragensa su haɗu a lokaci ɗaya, hanyar da baƙo zai sauya jirgi ba tare da an wahalar da shi ba, garejin gyara, wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'aikacin da saƙo zai iso masa daga nisan kilomita dubu uku ya tashi da keke ya je ya tarbi tsohon da bai taɓa gani ba. Wanda ke ganin wannan ya fi ƙarfinmu ya dubi Lome. Jihar Kano kaɗai ta fi ƙasar Togo yawan jama'a, amma tun da kamfanin ASKY ya fara aiki a 2010, da haɗin gwiwar Habashawan nan, Lome ta zama mahaɗar jiragen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Habashawa sun yi kusan shekara 80 suna fafe nasu.

Mu marubuta ba mu da jirgi, ba mu da kasafin kuɗi, amma akwai aikin da ya rataya a wuyanmu. A cikin Kano har yanzu akwai dattawan da suka yi aiki a filin jirgi lokacin da yake tashe: masu lodin kaya, direbobin tankar mai, ma'aikatan hasumiya, masu dafa abincin fasinja, 'yan kwastan. Kullum raguwa suke yi. Ya kamata ƙungiyoyinmu su neme su, a zauna da su da rakoda, a rubuta abin da suka gani kafin ƙasa ta rufe musu ido. Yaran da ke tasowa a Kurna da Fagge da Brigade, waɗanda ƙarar jirgi ke tashinsu daga barci, suna da haƙƙin sanin abin da filin nan ya taɓa zama.

Waɗanda suka bi ta Alƙahira ko Doha ko Istanbul, ku ba mu labarin abin da kuka gani a can. Wanda kuma yake da kaka ko kawu da ya yi aiki a filin jirgin Kano, ya yi mana magana mu shirya ziyara.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya jiƙan waɗanda ajali ya riska a hanya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.